Laifin da Surukina Ya Ɗauke Mini a Ɗakin Batura

Ranar wata Talata da hantsi aka kira matata aka ce Baba ya cika. Ina tsakar gida ina sa takalmi zan tafi aiki, sai na ji ta yi salati da wata murya wadda ban san tana da ita ba, wayar ta zame daga hannunta ta faɗi a kan tabarma. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Muka shiga mota daga Birnin Kudu zuwa Zandam, can ƙasar Gwaram. Mun tarar an gama wanka an sa likkafani, ana jiran azahar a yi masa salla.

Baba mahaifin matata ne. Ni ne mijin 'yarsa ta biyu, kuma shekaru masu dama mun yi aiki wuri ɗaya da shi, a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Birnin Kudu. Shi yana kula da batura da janareta, ni ina kan kwamfutar da ake ajiye bayanan marasa lafiya.

Ban zaci za a taru haka ba. Manoma sun zo daga Maruta da ƙauyukan kusa, kowa da labarin injin ban-ruwansa da Baba ya tayar bayan an fid da rai da shi. Tsofaffin direbobin manyan motoci sun zo, waɗansu da sanda suke dogarawa. Ɗaya daga cikinsu ya zauna kusa da ni a kan tabarma yana ta share ido da gefen rawani, yana cewa, "Mutumin nan kunne kawai yake karawa a jikin mota ya gaya maka ciwonta. Wallahi bai taɓa sayar mini da mataccen batir ya ce mai rai ne ba." Kashegari Sista ta zo, babbar nas ɗin asibitinmu, Kirista ce 'yar Filato da ta daɗe a garinmu har Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta yafa gyale ta shige cikin gida wajen mata. Matata ta ce da ta ga buzun sallarsa rataye a bango sai ta fashe da kuka, har su masu rashin ne suka koma suna ba ta haƙuri.

Ranar sadakar uku Likita ya zo, mai asibitin. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure, aka yi addu'a aka shafa. Da ya tashi tafiya sai ya dubi wan matata ya ce, "Mahaifinku mutumin kirki ne. Duk zaman da muka yi, kuskure ɗaya tak ya yi mana, shi ma tsufa ne ya kawo shi. Allah Ya gafarta masa."

Mutane suka ce amin. Wan matata ya sunkuyar da kai. Ni ma na ce amin, kuma ina jin fitar kalmar daga bakina na ji kamar in nutse a ƙasa, domin kuskuren da Likita yake magana ba Baba ne ya yi shi ba. Ni na yi. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don kada a tuna da shi da abin da ba nasa ba.

Kafin ya zo asibiti, Baba mai cajin batir ne a bakin titi. Tun yana saurayi ya koyi wayarin mota a tasha, ya dawo ya kafa rumfarsa. Duk rigunansa na aiki da ƙananan huji a jikinsu, inda ruwan batir ya fallatsa ya ci. Inna, matarsa, ta gaji da ɗinkewa ta bari. Yatsunsa sun yi kanta har yakan ɗauki garwashi ya mayar cikin murhu bai ji ba. Bai yi boko ba, ajami yake rubutawa, amma lambobi ba sa ɓace masa. Idan damina ta sauka, yakan bari ruwan farko da na biyu su wanke sama, sannan ya kafa babbar roba a tsakar gida, nesa da kwano da indararo, ya tari ruwa ya tace ya cika jarkoki. Da shi yake ƙara wa batura ruwa shekara guda. Idan ka kawo masa ruwan rijiya ko na famfo ka ce ai duk ruwa ne, sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Yana yawan cewa, "Batir ba ya mutuwa rana ɗaya. Kashe shi ake yi kaɗan-kaɗan, sai ranar da ya faɗi a ce ba shi da kyau."

Ɗakinsa a asibiti wani ɗan lungu ne a bayan ofishin kati. Manyan batura huɗu ne a jere kan katako, don bai yarda a ajiye batir a kan siminti ba. Kowanne ya shafa wa kawunansa man shafawa don kada su yi tsatsa, ya rubuta masa ranar da ya zo da farin fenti. Daga baturan waya ta ratsa bango ta shiga wani baƙin akwati da ake kira UPS, wanda aikinsa shi ne da an ɗauke wuta ya karɓa nan take, kwamfuta ba ta ko ƙifta ba. Daga akwatin kuma akwai wata siririyar waya da ta shiga bayan kwamfutar. Ta nan akwatin yake sanar da ita cewa wuta ta tafi, yanzu a kan batir take. Idan wuta ba ta dawo ba, kuma ba a tayar da janareta ba, sai kwamfutar ta adana abin da ke buɗe, ta rufe komai a tsanake, ta kashe kanta. Amfanin haka shi ne, kwamfutar da wuta ta yanke mata tana tsakiyar rubuta bayanai, tana iya lalata duk abin da ke cikinta.

Wani injiniya daga Kano ne ya haɗa wannan tsari, kafin zuwana. Sista ce ta ba ni labarin yadda suka kwashe. Injiniya ya so ya saita ta yadda kwamfuta ba za ta mutu ba sai cajin ya kusa ƙarewa ƙaf. Baba yana tsugune a bakin ƙofa ya ce bai yarda ba.

"Wa zai gaya mata cajin ya kusa ƙarewa?" in ji Baba.

"Akwatin mana, Baba. Ga shi nan yana nunawa a allo."

"Akwatin ya san batir sabo. Bai san batir da ya sha zafin bazara biyu a garin nan ba. Zai ce maka da saura, alhali babu. Ka sa mata minti goma. Wuta ta tafi, minti goma ya cika, ta kwanta."

Injiniya ya yi dariya ya ce baturan nan za su yi awa biyu. Baba ya ce yau za su yi, baɗi fa? Likita ya goyi bayan Baba, aka sa minti goma. Baba bai iya taɓa kwamfuta ba, ko linzaminta bai taɓa riƙewa ba, amma shi ya yanke mata lokacin kwanciya.

Kowace Asabar da safe, kafin marasa lafiya su taru, yakan yi gwaji. Sai ya zare wutar akwatin da gangan, ya cire agogonsa ya riƙe a hannu, ya tsaya yana sauraron ƙarar da akwatin ke yi, tit, tit, a jere. Minti goma na cika ya ga allon kwamfuta ya yi duhu da kansa, sai ya ce "Madalla." Daga nan ya jona fitilu da fanka daidai nauyin kwamfutar, ya ga minti nawa baturan za su ƙara kafin su yi sanyi, ya rubuta da alli a bayan ƙofa. Bayan ƙofar nan duk ta cika da lambobi, kuma idan ka bi su daga sama zuwa ƙasa za ka ga suna raguwa.

Soket-soket ɗin da ke kan batir ya shafa musu jan fenti, ya ce banda kwamfuta da fitilar ɗakin haihuwa kada a jona komai. A kan wannan suka yi faɗan da har yau ake tunawa. Wata rana an ɗauke wuta, sai ya ji ƙarar akwatin ta canza, ta zama kuka ɗaya dogo. Ya bi waya ɗaki-ɗaki har ya tarar Sista ta jona hita a jan soket tana dafa ruwa. Bai yi sallama ba ya fizge wayar.

"Baba, ruwan zafi nake so na wanke kayan aiki!"

"Ga risho can. Ga gawayi. Wannan abin a minti biyar zai shanye abin da na kwana biyu ina tarawa."

"To ai sai ka yi magana, ba ka fizge ba. Ni ba 'yarka ba ce."

"Da 'yata ce da ba ta jona ba."

Ya tafi da hitar ya kulle a ɗakinsa. Sati biyu ba sa gaisawa, sai dai aike. Baba yana da zuciya, kuma idan yana da gaskiya ba ya iya tausasa ta. Wannan halinsa ne, ba zan ɓoye ba.

Amma a bazarar shekarar, mahaifiyar Sista ta zo jinya wurinta, tsohuwa ce da ta saba da sanyin ƙasarsu, zafin garinmu ya kusa kashe ta. Babu wanda ya gaya wa Baba, a bakin masu shara ya ji. Ya je wajen masu kayan gwangwan ya samo fankar gaban mota, ya kafa ta a jikin katako, ya ɗaura wani batir nasa na kansa a bayan keke ya kai gidan. Duk bayan kwana biyu sai ya je ya sauya batir, ya dawo da wancan ya yi masa caji. Haka ya yi har ruwa ya sauka. Hitar kuwa bai mayar ba.

Ni ta hannunsa na samu aikin. Na gama difloma a kan kwamfuta na dawo gida na zauna, ga mata ga yara, sai buga-buga. Baba bai taɓa yi mini maganar ba, tsakanin suruki da suruki akwai nauyi. Sai dai wata rana matata ta ce Baba ya ce in je in ga Likita da takarduna. Daga baya na ji cewa sau uku yana zuwa ofishin Likita a kaina, mutumin da bai taɓa roƙa wa kansa komai ba.

A wurin aiki "Malam" yake ce mini, ni in ce "Baba", in rusuna. A baki ke nan. A zuciya kuwa ina ganin tsoho ne da bai san abin da nake yi ba. Minti goman nan ya dame ni. Ana ɗauke wuta sau da yawa a yini, janaretan kuma tsoho ne, kafin ya tashi sai an sha fama. Ina tsakiyar shigar da bayanai, layi ya yi tsawo, sai kwamfuta ta rubuto cewa za ta rufe, alhali allon akwatin yana nuna caji fiye da rabi. Na taɓa yi masa maganar a kaikaice.

"Baba, da an ƙara lokacin nan ko zuwa rabin awa ne. Cajin yana nan da yawa."

"Malam, allon ne ya ce yana nan. Zo ka ga bayan ƙofa."

Na je na gani don kunya. Lambar ƙarshe ashirin da biyar ce. Ya ce ya gaya wa Likita baturan sun tsufa, an ce a ɗan jira. Na ce to. Bayan kwana kaɗan na shiga saitin kwamfutar na cire umarnin kashe kai gaba ɗaya. Na ce a raina ai ina zaune a gabanta, idan na ga cajin ya yi ƙasa zan kashe da hannuna. Ranar Juma'a da yamma nakan mayar da saitin saboda gwajin Asabar, ranar Litinin in sake cirewa. Wato na san abin da nake yi ba daidai ba ne, tunda har ina ɓoye shi.

Ranar da abin ya faru ranar awon ciki ce, mata sun cika baranda. Wajen sha ɗaya na safe aka ɗauke wuta. Janareta ya ƙi tashi, Baba yana baya shi da makanike sun kwance shi. Na ci gaba da aiki. Akwatin yana ta ƙararsa, ban kula ba. Can sai na ga inuwa a taga. Baba ne, hannunsa duk baƙin mai.

"Malam, ba ta kwanta ba? Minti goma ya wuce."

"Saura kaɗan, Baba. Da sauran caji."

Ya dube ni ta cikin wayar tagar. Sannan ya ce, "Kashe ta da hannunka. Yanzu."

Na ce, "To, Baba."

Ya koma wajen janareta. Ni kuwa na dubi layin, na dubi allon akwatin, na ce bari in gama da mutum uku. Na gama ukun na ƙara biyu. An fi rabin awa. Ina cikin adana bayanan wata mata sai ƙarar akwatin ta haukace, allon da ke nuna rabi ya faɗo ƙasa lokaci guda, komai ya yi ɗif. Da janareta ya tashi na kunna kwamfuta, ba ta hau ba. Na kashe na kunna ya fi sau goma.

Kashegari injiniya ya zo daga Kano, ya buɗe ta ya gwada duk dabararsa, ya ce faifan da ke riƙe da bayanan ya lalace. Akwai ɗan abin ajiya da ya kamata in riƙa kwafe komai a cikinsa duk mako. Da aka duba, rabona da kwafewa wata huɗu. Bayanan masu ciki, da na masu hawan jini da ciwon suga, wa yake shan wane magani, wace ce aka taɓa yi wa tiyata, duk na wata huɗun nan sun tafi. Saitin da na cire shi ma ya tafi tare da su, babu mai iya ganin abin da na yi.

Likita ya tara mu a ofishinsa: shi, da injiniya, da Sista, da Baba, da ni. Ya yi mini faɗa sosai a kan rashin kwafewa, na ba da haƙuri. Sannan ya tambayi abin da ya fi damunsa, me ya sa kwamfutar ba ta kashe kanta ba. Injiniya ya ce hanya ɗaya ce, sai dai idan baturan ba su kai minti goman ba. Likita ya juyo gare ni.

"Da aka ɗauke wuta, minti nawa ta yi?"

Ban shirya ƙaryar ba. Ko kuwa in ce na shirya ta tun a hanya, ban dai yarda na shirya ba. Na ce, "Ba ta fi minti uku ba, ranka ya daɗe."

"Baba, ka ce mini za su yi minti ashirin da biyar."

"Haka na gwada ranar Asabar."

"Ga shi Malam ya ce uku."

Baba yana tsaye, don bai taɓa zama a ofishin Likita ba. Bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, har Sista ta ɗago ta dube shi. Sannan ya ce, "Malam ne a gaban na'urar." Ya ƙara da cewa, "Tsohon batir yana iya yin haka."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na lura da wannan tun a lokacin. Ya nemo hanyar da zai rufa mini asiri ba tare da ya yi ƙarya ba, ni kuwa ina zaune a kujera ban motsa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila an manta. Amma bayan kamar sati uku aka kawo wata mata daga Wurno tana zubar da jini, cikinta ya tsufa. A wurinmu take awo, katinta na hannu ya ɓace, mijinta bai san komai game da jininta ba. Abin da zan buɗe in karanta a minti ɗaya, sai da aka sake ɗibar jini aka gwada, aka yi ta tambayoyi tana fama da kanta. Daga ƙarshe aka wuce da ita babban asibiti. Ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba. Likita ya ce ko da bayanan suna nan, mai yiwuwa haka za ta kasance. Mai yiwuwa. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Ƙarshen watan Likita ya kira Baba ya ce ya je ya huta, za a kawo sola da sababbin batura, za a samu mai jini a jika. An yi maganar cikin mutunci, amma kowa ya san kora ce. Ya tattara filayarsa da sukudirebobinsa a buhu. Ya miƙo mini makullin ɗakin da hannu biyu, ya ce, "Batir na uku daga bango yana shan ruwa fiye da sauran." Ya ɗaura buhun a keke ya tura, bai hau ba sai da ya fita ƙofa.

Magana ta bazu a unguwa cewa sakacin tsohon nan ne ya jawo mutuwar jariri. Ba a daɗe ba Baba da Inna suka tashi daga Birnin Kudu suka koma Zandam, gidan gado. Inna da ba ta rasa biki ko suna a cikin dangi, sai ta daina zuwa garin gaba ɗaya. Matata ta yi ta kuka tana cewa an zalunci mahaifinta, ni ina ba ta haƙuri.

Sai da kaka ta yi na iya zuwa na same shi shi kaɗai. Yana gona ana yankan riɗi, ya zauna a gindin ɗorawa yana wasa lauje. Na tsuguna na gaishe shi, na fara kame-kame. Ya katse ni.

"Ka mayar da saitin?"

Na ce na mayar, tun ranar da aka kawo sabuwar kwamfuta.

"Minti nawa?"

"Goma, Baba."

Ya ci gaba da wasa laujen. Na ce, "Baba, ni ne na cire. Kuma ba minti uku ba ne."

"Na sani. Ai ina bakin taga."

"Zan je in gaya wa Likita."

"Ka gaya masa ya kore ka, ku ci me? Ni ina da gona. Kai kana da 'yata da yara uku." Ya ajiye laujen, a karo na farko tun da na auri 'yarsa ya dube ni ido cikin ido. "Kada ka ɗauka don kai na yi shiru, Malam. Kuma ba korar ce ta fi yi mini ciwo ba. Na ce ka kashe ta, ka ce mini to. Da ka ce a'a, da na zagayo na tsaya a kanka sai ka kashe ta, ko na kira Sista. To ɗin nan naka shi ya mayar da ni wajen janareta."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi ka je ka gaida Innarku, rana tana yi."

Ga abin da ya fi komai ba ni kunya. Da na hau mota zan koma, sauƙi na ji. Ya hana ni faɗa, sai na riƙe hanin nan da hannu biyu na mai da shi hujja. Shekara huɗu ina cewa a raina ai Baba ne ya ce kada in faɗa. A shekarun nan, duk farkon bazara sai ya kira 'yarsa ya ce, "Ki gaya wa Malam zafi ya shigo, ya buɗe tagar ɗakin batura, ya yi gwaji." Na yi duk abin da ya ce. Har yau duk Asabar ina zare wuta in riƙe agogo. Abu ɗaya da zai wanke sunansa shi ne ban yi ba, har ƙasa ta rufe shi.

Bayan addu'ar bakwai muka dawo gida. Da safe yara sun tafi makaranta, na zaunar da matata na gaya mata komai, tun daga saitin har gindin ɗorawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ina kuka kana ba ni haƙuri." Ta tashi ta shiga ɗaki. Da azahar ta fito ta ce in je in gaya wa Likita, sannan in je Zandam in gaya wa Inna da bakina, ita ba za ta kai mini wannan saƙon ba.

Likita ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce bai san abin da zai yi da ni ba tukuna, amma gobe da safe zan tsaya gaban ma'aikata duka in maimaita. Na tsaya na maimaita. Sista ta fita kafin in gama. Har yanzu ina zuwa aiki, ina jiran hukuncinsa, kuma duk abin da ya yanke daidai ne.

Ranar Asabar na tafi Zandam. Inna tana takaba, tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi. Na tsuguna a bakin ƙofa, ban shiga ba. Na faɗa mata kaina a ƙasa. Da na gama sai ta ce, "Ya gaya mini, sati biyu kafin ya kwanta ciwo. Ya ce in ka zo da maganar in ce maka shi ya yafe, duniya da lahira. To na isar maka da saƙonsa."

Na fara godiya, ta ɗaga hannu.

"Nasa ke nan. Ni ce na ga yadda yake tashi da asuba ya sa rigar aiki, sai ya tuna, ya cire. Ni aka yi wa nuni da baki a gidan suna. Nawa ban yafe ba tukuna. Ba na ce ba zan yafe ba, amma ba zan ce maka to alhali ba haka ba ne a raina. Ka bari in fita takaba, ka dawo ka tambaye ni."

Ta sa aka kawo mini fura. Na sha a bakin ƙofar, don ba a mayar da abin da suruka ta bayar.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da abin da mu muka kasa. Duk wanda ya taɓa jin cewa sakacinsa ne, to ya sani ba nasa ba ne. Saura wata uku da 'yan kwanaki Inna ta fita takaba. Zan koma in tambaye ta.